Martani: A Fara Gano Inda Ruwan Yake Shiga Kafin A Shafa Gam

Na karanta rubutun da wani Malam ya yi a wannan shafi game da ruwan da ke shiga cikin mota da damina, kuma na san tausayin masu mota ne ya sa shi ɗaukar alƙalami, ganin yadda gareji ke cinye musu ɗan abin da suka samu. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, duk wanda ya tarar kafet ɗin motarsa ya jiƙe kada ya wahalar da kansa, laifin bai wuce gefen gilashin gaba ko robar ƙofa ba. Ya sayi silikon ya ba mai gilashi ya zagaye, in da sauran ruwa a ƙasa ya cire robar da ta toshe ramin daɓen motar ya tsiyaye, sannan ya shanya ta a rana. Ya ƙara da cewa dogon bincike dabara ce kawai ta kanikawa don su tatsi jama'a. Ina ganin girman Malam, amma wanda duk ya bi wannan shawara yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Akwai inda ya faɗi gaskiya. Zafin watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, yana ƙeƙasar da roba har ta tsattsage, kuma motar da ke wuni a rana ba ta da mafaka daga wannan. Haka nan ba ƙarya ba ne akwai bakaniken da aikinsa canki-canka ne, yau ya ce a sauya wannan, gobe ya ce a sauya wancan, mai mota na biya. Sai dai Malam bai lura ba cewa shawararsa ma canki-canka ce. Bambancinta da ta bakaniken shi ne ita tana da araha a ranar farko.

Kuskuren ya samo asali ne daga yadda ya ɗauki mota. A tunaninsa akwati ce da aka rufe ruf, duk ruwan da ya shiga to ta wata ɓaraka ya bi, maganin ɓaraka kuwa toshewa. Maƙeran mota ba haka suka tsara ta ba. Sun san ruwa sai ya shiga wasu wurare, don haka suka bar shi ya shiga, suka shata masa hanya, suka buɗe masa mafita ta ƙasa. Da yawan ruwan da ke jiƙa kafet bai samu sabuwar ƙofar shiga ba, tsohuwar ƙofar fitarsa ce ta toshe. Wanda ya taɓa zama a ɗakin soro da damina ya san wannan: indararo ne ke toshewa, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya ratsa ta wata kusurwa, ya bi jikin azara ya je ya ɗigo a tsakiyar ɗaki, nesa da inda ya shiga. Mai yaɓe a daidai inda ya ga ɗigo, baɗi ma sai ya sake.

Ina roƙon mai karatu ya ɗaga bonet ɗin motarsa ya dubi gindin gilashin gaba, inda hannuwan waifa suke kwance. Akwai wata baƙar roba mai raga-raga a wurin, a ƙarƙashinta kuma kwari ne na ƙarfe da ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake zuba, ya fita ta ramuka a gefe da gefe, ya tsiyaye ta bayan tayoyin gaba. A cikin wannan kwari kuma bakin bututun da ke zuƙo iskar waje zuwa cikin mota yake. To mu dubi yadda shekararmu take tafiya. Tun daga Nuwamba hunturu ke zuba ƙura, mota kuma kullum a gindin darbejiya take saboda inuwa, ganye da 'ya'yan itacen suna faɗawa ta cikin ragar nan. Wata da watanni suna taruwa babu abin da ya motsa su. Ruwan farko na sauka sai ƙura da ganye su kwaɓe su zama taɓo mai danƙo, su liƙe bakin ramukan. In ka zura yatsa za ka ciro shi baƙi ƙirin, yana warin ruɓa, wani lokaci har da tsiron da ya fara fitowa. Daga nan in aka sheƙa ruwan Agusta, kwarin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya haura bakin bututun iska, ya bi ta fankar da ke bayan dashbod, ya sauka a ƙafar wanda ke zaune kusa da direba. Mai mota ya ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin gilashi, sai ya rantse gilashi ne. Gilashin kuwa lafiyarsa ƙalau. Aikin da ake buƙata bai wuce a cire ragar, a kwashe taɓon da hannu, a zuba ruwa a ga yana fita ta ƙasa ba.

Wasu motocin ma sun yi suna a wannan ciwo. Volkswagen Passat da aka ƙera daga 1996 zuwa 2005, da 'yar'uwarta Audi A4 ta wancan zamani, batirinsu a cikin wannan kwari yake zaune, ramin fitar ruwan kuma yana ƙarƙashin batirin, inda ido ba ya kaiwa sai an ɗaga shi. In ya toshe, ruwan da ya shigo ciki yakan je ya kwanta a kan wani ƙaramin akwatin lantarki da ke ƙarƙashin kafet, wanda ke sarrafa makullin ƙofofi da gilasan taga. Sai ka ga gilashi ya ƙi sauka, ko ƙofa tana kulle kanta, a kai mota wurin mai wayarin ya yi ta lalube, alhali ganyen bishiya ne mafarin komai. Silikon nawa za a shafa wa gilashin irin wannan mota kafin kafet ɗinta ya bushe?

Ƙofa ma haka take. Siririyar robar da gilashin taga ke gogawa a jikinta in yana hawa da sauka ba ta hana ruwa shiga ɗungurungum, kuma ba a yi ta don ta hana ba. Ruwa yana shiga cikin ƙofa duk ranar da aka yi ruwa ko aka je wanki, ya gangara, ya fice ta ƙananan ramukan da ke can gindinta. Abin da ke raba shi da cikin mota wata leda ce da aka manne da baƙin gam tsakanin ƙarfen ƙofar da marfin ciki. Yanzu a tuna sau nawa ake buɗe ƙofar motar da ta shekara goma a hannun mutane: an gyara injin gilashi, an sa sifika, an gyara makulli. Yaran gareji da yawa yage ledar nan suke yi su jefar, a ganinsu tarkacen kamfani ce. Ranar da aka yi haka, ruwan da ke cikin ƙofa ya samu hanya, zai bi bayan marfin ya zubo a kan dokin ƙofa ya shige ƙarƙashin kafet. Mai mota zai bi shawarar Malam ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo robar ƙofa sabuwa fil, a sa masa, ruwa kuma bai fasa ba. In ramukan gindin ne suka toshe, har motsin ruwa za ka ji a cikin ƙofar in ka buɗe ta da ƙarfi, tsinke kawai ake sa wa a zungure.

Motocin Kwatano masu tagar gilashi a rufi, Malam bai ko ambace su ba, ga shi kuwa sun cika titi. A kewayen tagar akwai faranti mai tare ruwa, da siraran tiyo a kusurwoyinsa, galibi huɗu, biyu su bi ta cikin ginshiƙan gefen gilashin gaba, biyu su bi ta baya. Ɗaya ya toshe ko ya zame daga bakinsa, ruwa zai jiƙa silin, ko ya sulale ta cikin ginshiƙi ya ɓullo a ƙafar direba ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya a sama ba. Gwajinsa da sauƙi. A buɗe tagar, a tsiyaya ruwa kaɗan a kowace kusurwa, a leƙa ƙasa a ga ko ya fito. In bai fito ba a zura abu mai laushi da lanƙwasa, kamar igiyar roba mai ɗan kauri, a hankali. A guji busa masa iskar mai faci da ƙarfi, domin takan fizge tiyon daga mazauninsa a can cikin silin, ƙaramin aiki ya koma babba.

Abin da ya fi damuna a rubutun Malam shi ne bai ce a tambayi ruwan kansa ba, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ba duk ruwan da ke cikin mota ne na sama ba. Na'urar sanyaya mota tana tatsar laima daga iska, shi ya sa kake ganin ɗan ruwa a ƙasan motar da aka tsayar da esi a kunne, kuma wannan alamar lafiya ce. Ruwan yana fita ne ta wani gajeren tiyo da ya huda zuwa waje. Ƙura kan toshe shi, zanzaro ma kan yi gini a bakinsa. In haka ta faru ruwan zai taru a bayan dashbod, ka ji yana kaɗawa in ka sha kwana, sannan ya kwararo a ƙafar fasinjan gaba, garai-garai, da sanyinsa, ba wari. Da damina ya fi yawa saboda iska ta fi laima, wannan ne ke sa mutane su ɗora wa ruwan sama laifi. Wanda ya lura zai ga kafet na jiƙewa ko a ranar da ko yayyafi ba a yi ba, muddin an yi doguwar tafiya da esi.

Ruwa na biyu da ba na sama ba ya fi haɗari. A bayan dashbod akwai ƙaramin lagireto na hita, ruwan injin ne ke zagayawa ta cikinsa. In ya huje, ruwan injin ne ke zuba a kan kafet. Inda ana amfani da ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, za ka ji shi da santsi a yatsa, yana da ƙanshi mai ɗan zaƙi, gilashin gaba kuma ya riƙa yin hazo mai maiƙo ta ciki. Guba ne, kada a ɗanɗana, kada a bar yara su taɓa. Amma a nan wurinmu, inda da yawa ruwan famfo ko na rijiya suke ɗurawa a lagireto, ba za a ji ƙanshin ba, sai dai a ga ruwan ya yi launin tsatsa, a kuma lura kullum sai an ƙara ruwa da safe. Mutumin da wannan ce matsalarsa, in ya bi Malam ya shafa silikon ya kwantar da hankalinsa, wata rana a kan hanyar Zariya ko ta Katsina allurar zafi za ta haura, gasket ya ƙone. Kuɗin gyaran injin ya ninka na binciken da aka ce masa ɓarna ne sau da yawa.

Sai batun silikon ɗin kansa. Ina kyautata zaton shawarar Malam ta samo tushe daga zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Gilashin irin waɗancan motoci a cikin kaurin roba yake zaune, in ta tsufa ana iya ɗaga leɓenta a cusa abin liƙi a samu sauƙi. Motocin da muke hawa yanzu, Corolla da Accord da Camry da Sienna, gilashinsu manne shi ake yi da jikin ƙarfe da wani baƙin gam mai ƙarfi na musamman. Robar da ake gani ta waje ado ce da kariya, ba ita ke tare ruwa ba, saboda haka wanda ya shafa silikon a kanta bai ko kusanci inda matsalar take ba. Sannan yana da illa biyu. Silikon mai arahar nan, mai warin tsami in ana matso shi, yana fitar da sinadari mai cin ƙarfe yayin da yake bushewa, in ya samu inda fenti ya kwarzane sai tsatsa ta kama a ɓoye. Na biyu, inda duk silikon ya taɓa, gam ɗin gaskiya ba ya kamawa sosai sai an kankare wurin tas, fenti ma haka. Gilashin gaba kuwa ba don kare iska kawai yake ba, yana taimaka wa rufi ya tsaya in mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja a jikinsa take dogara in ta fashe. Wannan magana ce ta rai, bai dace a sauƙaƙa ta ba.

Cire robar daɓe kuma buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa ne. Titunanmu da damina sai an ratsa kududdufi, ramin da aka bari don ruwa ya fita ta nan na titi zai shigo, da rani ƙura, kullum kuma akwai yiwuwar hayaƙin salansa ya samu hanya. Shanya a rana ma yaudarar ido ce. A ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke shan ruwa ya riƙe. Saman zai bushe ƙayau ka taɓa ka ji daɗi, amma ka ɗaga gefe ka matsa soson, ruwa zai cika maka tafin hannu. A cikin wannan danshi wayoyi suke bi zuwa baya, a nan mahaɗan wayar kujera suke, a tsakiyar daɓe kuma a motoci da yawa akwatin da ke sarrafa jakar iska yake. Ga fumfuna da warin ruma da iyali za su yi ta shaƙa gilashi a rufe, mai asma a cikinsu shi zai fara ji a ƙirjinsa. Sai an ɗaga kafet, an tokare shi, iska ta ratsa soson kwana da kwanaki, kafin a ce mota ta bushe.

Malam ya ce bincike na cin kuɗi. Binciken da nake magana a kai mai mota da ɗansa ko ƙaninsa za su yi shi a ƙofar gida da buta da tocila. A fara busar da motar, a kwashe shimfiɗun ƙafa, a ɗaga kafet inda ya jiƙe. Mutum ɗaya ya shiga ciki ya rufe ƙofa, ɗaya ya tsaya a waje yana zuba ruwa a hankali, ba da ƙarfin injin wankin mota ba, don wannan yana tura ruwa inda na sama ba zai taɓa shiga ba. Sirrin aikin shi ne a fara daga ƙasa a yi sama. A jiƙa gindin ƙofa a jira, sannan gilashin taga, sannan kwarin waifa, sannan gefen gilashin gaba, rufi shi ne na ƙarshe. In aka fara daga rufi ruwa zai bi ko'ina lokaci guda, a ga yoyo a rasa ta inda ya zo. Kowane wuri a ba shi mintoci, domin ruwan da ke bin lungu ba ya sauri, kuma gaggawa ce ke kayar da yawancin masu wannan gwaji. Wanda ke ciki in ya ga ɗigon farko kada ya tsaya a nan, ya bi sawunsa da tocila ya yi sama har inda ya ƙare. Hoda ko garin alli in aka barbaɗa a inda ake zargi, ruwa zai zana hanyarsa a kai. Robar ƙofa kuma a gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, inda ta zare salin-alin ba tare da riƙo ba, nan robar ta saki. A kuma tuna yadda motar ke kwana, hanci a sama ko a ƙasa, don ruwan da aka tarar a ƙafar kujerar baya sau da yawa daga gaba ya gangaro.

Na ga amfanin wannan da idona a motar wani ƙanina. An zagaye gilashinta da silikon har ya yi tudu, ƙafar direba ba ta daina jiƙewa ba. Da muka zauna da buta, gilashi bai ɗiga ba ko kaɗan. Muna zuba ruwa a kwarin waifa sai ga ɗigo yana bin jikin wata siririyar waya a sama da fedar birki, ɗaya bayan ɗaya, yana sauka daga inda wayar ta lanƙwasa. Ashe wanda ya sa masa na'urar tsaro ya huda robar da wayoyi ke ratsawa daga ɗakin injin, ya zura tasa wayar ya bar wurin a wangale. Ramin bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Da aka gyara zaman robar aka liƙe shi da abin da ya dace, magana ta ƙare, sai dai kankare silikon ɗin gilashin da ya zama wani aikin na daban.

But ɗin mota kuwa, wanda bai taɓa ɗaga safayar taya ya leƙa ramin da take kwance ba ya yi hakan yau. Ruwa kan shiga ta soson da ke bayan danja in ya tsufa ko an sauya fitila ba a mayar da shi daidai ba, ko ta ƙananan tagogin iska masu leɓen roba da ke ɓoye a bayan bamba. Motocin da suka yi hatsari a Amurka aka saye su a gwanjo aka gyara a nan suna da tasu matsalar, domin mai gyaran jiki kan daidaita ƙarfe ya yi fenti mai sheƙi, ya manta da liƙin da kamfani ke sa wa a mahaɗar ƙarafa. In kuwa an bi ko'ina da buta ba a ga yoyo ba amma wari da matsalar waya sun ƙi ƙarewa, a duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai da lungunan but, ko akwai tsatsa da busasshen laka. Motoci da yawa sun nutse a Houston a ambaliyar 2017, wasu kuma a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mota kuwa tana sauya hannu.

Ban ce gilashin gaba ba ya yoyo ba. Yana yi, musamman wanda aka taɓa sauyawa aka yi ƙwauron gam, ko wanda tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Tabbatar da shi ma ba wuya: a shafa kumfar sabulu a gefensa ta waje, wani ya bi gefen ta ciki yana hura iska da tiyo, inda kumfa ta kumbura nan ne. In an tabbatar, ina roƙon Malam ya gaya wa masu karatunsa gyaran da ya dace da shi. A cire gilashin gaba ɗaya, a yanke tsohon gam, a kankare tsatsa a shafa wa ƙarfen abin kariya, a zuba sabon gam irin na gilashin mota ba tare da yankewa ba, a zaunar da gilashin, a bar motar a tsaye iya sa'o'in da aka rubuta a jikin kwalin gam ɗin kafin a hau titi da ita.